FASHIN BAƘI: Ƙaramar na'urar da ke kai saƙo ba tare da sabis ba, da abin da za ta iya yi wa garuruwa irin su Runka

A cikin watan Satumba na shekarar 2021, wayoyin salula suka yi shiru a garin Runka da ke Ƙaramar Hukumar Safana, a bakin dajin Rugu. Haka suka yi shiru a Batsari da Ɗanmusa da Jibiya da Ƙanƙara. Jimillar ƙananan hukumomi 13 ne aka fara katse wa layukan sadarwa a Jihar Katsina, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, kwanaki kaɗan bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe turakunsu a faɗin Jihar Zamfara. Daga baya wasu sassan Sakkwato da Kaduna suka bi sahu.

Hujjar gwamnati ita ce a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu bayanai, a kuma toshe hanyar cinikin kuɗin fansa. Sai dai layin da infoma ke kira da shi, shi ne layin da manomi ke sanar da 'yan sa-kai cewa ya hango babura sun fito daga daji. Da shi ake neman mota idan naƙuda ta tsananta da dare, kuma a kansa na'urar POS ke aiki. Watanni aka shafe a haka kafin a maido da sabis.

Wannan ne ya sa tambaya ɗaya ta cancanci amsa a tsanake: shin gajeren saƙo na iya tashi daga ƙauye ya isa gari na gaba ba tare da turken kamfanin waya ba? A fasahance amsar ita ce e, kuma na'urar da ke yin hakan ba ta kai tafin hannu ba. Ga yadda take, da yadda ake saita ta, da kuma inda iyakarta take.

Mene ne allon gwaji?

Duk wanda ya taɓa zama wurin mai gyaran waya ya ga abin da suke kira fanel, wato koren allon da sassan waya ke manne a jikinsa. Allon gwaji ɗan'uwansa ne, sai dai an ƙera shi a buɗe domin ɗalibai da injiniyoyi su ɗora masa manhajar da suke so. Yana ɗauke da ƙaramar ƙwaƙwalwa, da sashen rediyo, da kafar USB, da wurin ɗaura eriya da na batir. Wasu suna da ɗan gilashin da ke nuna rubutu.

Ƙwaƙwalwar da ta fi yaɗuwa a irin waɗannan alluna ita ce ESP32, wadda kamfanin Espressif na birnin Shanghai a ƙasar Sin ya fitar a 2016. Tana da Wi-Fi da Bluetooth a cikinta, amma waɗannan biyun ba su wuce tsakar gida ko unguwa ba. Abin da ke kai saƙo nesa shi ne sashen rediyo na biyu mai suna LoRa. Wani ƙaramin kamfani mai suna Cycleo a birnin Grenoble na Faransa ne ya ƙirƙiri fasahar, kamfanin Semtech na Amurka ya saye shi a 2012. Allunan da suka haɗa ƙwaƙwalwa da LoRa sun haɗa da Heltec V3, da T-Beam na kamfanin LilyGO mai ɗauke da GPS, da RAK4631 wanda ke amfani da wata ƙwaƙwalwar daban mai ƙarancin cin batir. Farashin kowannensu bai kai na matsakaiciyar wayar Android ba.

Manhajar da ke mayar da allon na'urar aika saƙo ita ce Meshtastic. Kyauta ce, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, kuma wani injiniya Ba'amurke, Kevin Hester, ne ya faro ta wajajen 2020. Masu aikin sa-kai daga ƙasashe da dama ke ci gaba da gina ta.

Yadda ƙaramin ƙarfi ke cin dogon zango

Wayar salula na iya fitar da ƙarfin da ya kai wat 2 idan tana neman turke mai nisa. Allon Heltec V3 bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, amma saƙonsa na iya tafiyar kilomitoci. Sirrin yana cikin jinkiri. Mai kira daga wancan ƙarshen kasuwa idan ya zuba magana da sauri ba wanda zai fahimce shi, amma idan ya ja kalma ɗaya da tsayi, kunne zai tsinto ta cikin hayaniya. LoRa na jan kowane ɗigon bayani ne a matsayin sauti mai hawa a hankali, ta yadda na'urar da ke saurare za ta gane shi ko da ya fi hayaniyar iska rauni.

Kuɗin wannan jinkiri shi ne ƙarancin kaya. A saitin da Meshtastic ke zuwa da shi, mai suna LongFast, saurin bai wuce kimanin bit 1,000 a sakan ɗaya ba. Saboda haka babu kiran murya, babu hoto, babu bidiyo. Rubutu ne kawai, wanda bai wuce haruffa 200 ko kusa da haka ba. Masu rubuta Hausa su lura cewa haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, kowannensu na cin gurbin haruffa biyu.

Abu na biyu shi ne miƙa-miƙa. Duk na'urar da ta ji sabon saƙo tana sake watsa shi domin na gaba ya ji, kamar yadda shela ke bin unguwanni daga bakin wannan zuwa na wancan. A saitin asali saƙo na yin tsalle uku, kuma ba ya wuce bakwai ko da an ƙara. Babu cibiya ɗaya da idan ta mutu komai zai tsaya, babu layin SIM, babu sayen data.

Kafin a saya: batun mita

A nan ne sababbin shiga suka fi yin asara. Ana ƙera allunan ne bisa mitar rediyo daban-daban, galibi megahaz 433, ko 868, ko 915. Mitar 915 ta Amurka ce, kuma zangonta, daga 902 zuwa 928, ya shiga cikin zangon da wayoyin GSM 900 ke amfani da shi wajen magana da turke, irin tsarin da kamfanonin waya ke aiki da shi a Najeriya. Wanda ya kunna allo a kan wannan mita na iya yi wa layukan maƙwabtansa katsalandan.

Najeriya na cikin yanki na ɗaya na Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, tare da Turai da sauran Afirka, shi ya sa yawancin ayyukan LoRa a nahiyar ke bin mitar 868. Amma maganar ƙarshe a kan wace mita aka yarda da ita, da ƙarfin da aka halatta, tana hannun NCC. Eriya ma sai ta dace da mitar. Ta 868 mafi sauƙi tsawonta kimanin santimita 8.6 ne, ta 433 kuwa ninkinsa. Idan aka ɗaura wadda ba ta dace ba, zangon zai ragu ƙwarai ko da komai na aiki.

Matakan saiti

Na farko, a ɗaura eriya kafin a jona allon da wuta. Idan sashen rediyo ya yi watsi babu eriya, ƙarfin da ya fitar na dawo masa, kuma yana iya lalacewa. Ɗan maɓallin da ke haɗa wayar eriya da allo ƙanƙane ne, a danna shi a tsaye da yatsa, ba da ƙarfe ba.

Na biyu, a nemi kebul na USB mai ɗaukar bayani. Da yawa daga cikin kebulan da ake sayarwa a tebur na caji ne kaɗai. Fitilar allon za ta kama, amma kwamfuta ba za ta gan shi ba. Idan kebul mai kyau ne kuma har yanzu ba ta gani ba, to tana buƙatar 'yar manhajar da ke gabatar mata da allon, galibi CP210x ko CH9102, gwargwadon irin allon.

Na uku, ɗora manhaja, abin da masu gyaran waya ke kira filashin. Meshtastic na da shafin yin hakan ta cikin Chrome ko Edge. A zaɓi ainihin sunan allon, domin manhajar wani ba ta yi wa wani aiki, sannan a zaɓi sigar da aka tabbatar da ingancinta, a bar ta gwaji ga masu gwaji. Idan allon ESP32 ya ƙi karɓa, a danne maɓallin BOOT, wanda a wasu allunan aka rubuta masa PRG, yayin da ake jona kebul. RAK4631 kuwa danna maɓallin sake kunnawa ake yi sau biyu a jere, sai ya bayyana a kwamfuta kamar filas, a jefa masa fayil ɗin. Wannan matakin na buƙatar intanet, don haka a gama shi a inda akwai sabis, kamar Katsina ko Dutsin-Ma, kafin a tafi da na'urar ƙauye.

Na huɗu, haɗa allon da waya. A sauke manhajar Meshtastic a Android ko iPhone, a haɗa ta Bluetooth. Allo mai gilashi zai nuna lamba shida da za a shigar. Marar gilashi na zuwa da lambar 123456, wadda duk duniya ta sani, don haka a canza ta nan take. Daga nan wayar ta zama allon rubutu kawai, ko babu layi a cikinta za ta yi aiki.

Na biyar, zaɓen yanki. Na'urar ba ta watsa komai sai an zaɓa mata yanki, kuma duk na'urorin da za su yi magana da juna dole su zama a kan yanki ɗaya da saitin sauri ɗaya. Saɓani a ɗayan biyun ya isa ya sa na'urori biyu da ke ɗaki ɗaya su kasa jin juna.

Na shida, tasha da mabuɗi. Tashar da manhajar ke zuwa da ita tana da mabuɗin da kowa ya sani, wato duk mai irin na'urar zai karanta abin da aka rubuta. Sai an buɗe sabuwar tasha mai sabon mabuɗi na tsarin AES-256, a raba ta ga mambobi ta hanyar lambar QR, ido da ido. Kada a tura hoton lambar a zauren WhatsApp.

Na bakwai, wuri da suna. Na'urar kan sanar da inda take lokaci-lokaci idan tana da GPS, ko idan an ba ta izinin amfani da na waya. Ga mai yawon hawa dutse a Turai wannan alheri ne. A yankin da ake satar mutane, sanarwa ce ta inda gidan mai na'urar yake. A kashe wannan saiti gaba ɗaya, kuma kada a ba na'ura sunan mutum ko na unguwarsa.

Na ƙarshe, matsayi. Na'urorin hannu a bar su a matsayin CLIENT. Matsayin ROUTER na na'ura ɗaya ne ko biyu da aka ɗora a wuri mai tsayi sosai. Idan kowa ya mai da tasa ROUTER, sai su cika iska da maimaici, saƙonni su riƙa karo da juna suna ɓata. Bayan haka a gwada: na'urori biyu a ɗaki ɗaya, sannan a ƙarshen unguwa, sannan a bayan gari, ana rubuta inda saƙo ya isa da inda ya tsaya.

Tsayi ya fi ƙarfi

Igiyar rediyo a wannan mita tana tafiya ne kusan a miƙe, kuma gini da tudu da duhuwar itatuwa na tare ta. Masu ilimin rediyo na da lissafi mai sauƙi na iyakar da eriya ke hange a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa: a ɗauki tushen murabba'in tsayinta a mita, a ninka da 4.1, a sami kilomita. Na'urar da ke hannun mutum a tsaye iyakarta kimanin kilomita 5 ce. Wadda ke kan sanda mai mita 10 tana hangen kusan kilomita 13. Idan ɗaya ɓangaren ma yana da irin wannan sanda, sai a haɗa lissafin biyu. Wannan iyaka ce ta takarda, a fili kuwa yakan gaza haka da yawa.

Saboda haka aikin gaske shi ne neman wuri: hasumiyar masallaci, tankin ruwa na sama, rufin makaranta, ko kan duwatsu irin waɗanda yankin Dutsin-Ma ya yi suna da su. Na'ura ɗaya a kan dutse ta fi goma a cikin aljihu. A kuma tuna cewa gwajin rani ba shi ne na damina ba. Idan gero da dawa suka wuce tsayin mutum, itatuwa suka cika da ɗanyen ganye, zangon na'urorin ƙasa na raguwa.

Na'urar da za ta kwana a sama na buƙatar ƙaramin faifan sola da batir irin 18650. A nan RAK4631 ya fi allunan ESP32 dacewa saboda ƙarancin cin wutarsa. Batirin lithium ba ya son caji idan zafinsa ya haura digiri 45, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa kansa kan kai 40 a Katsina. Don haka akwatin ya zama fari, a sa shi a inuwar faifan solar. Ƙurar hunturu na rufe faifan, sai an riƙa gogewa. Doguwar sandar ƙarfe kuwa na janyo tsawa da damina, tana buƙatar wayar da za ta sauke wutar zuwa ƙasa.

Darasi daga wasu wurare

Bayan guguwar Maria ta rusa hanyoyin sadarwa a tsibirin Fotoriko a 2017, wani ayari mai suna Project OWL ya ƙera ƙananan na'urorin LoRa masu miƙa wa juna saƙo, ya lashe gasar Call for Code ta kamfanin IBM a 2018, sannan aka gwada su a tsibirin.

Misalin da ya fi kama da halin yammacin Katsina yana arewa maso gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. A yankin Dungu, inda mayaƙan LRA na Joseph Kony suka riƙa kai hari ƙauyukan da ba su da sabis, ƙungiyar Invisible Children tare da cocin Katolika na yankin sun faɗaɗa hanyar rediyo mai dogon zango daga 2010. Ba LoRa suka yi amfani da shi ba, amma tsarinsu abin koyi ne: kowane gari na da wanda aka horar ya riƙe rediyon, akwai lokutan da ake kira kullum, kuma ana tantance labari kafin a yaɗa shi.

Akwai kuma misalin gargaɗi. Masu zanga-zanga a Hong Kong sun rungumi manhajar Bridgefy a 2019 domin tana aiki babu intanet, sai ga masu bincike na jami'ar Royal Holloway da ke Ingila sun nuna a 2020 cewa ana iya karanta saƙonninta, a kuma bi sawun masu amfani da ita. Rashin bi ta turken kamfani ba ya nufin ba mai saurare.

Doka da haɗari

Dokar Sadarwa ta 2003 ta ba NCC ikon tantance nau'in duk kayan sadarwar da za a yi amfani da su a ƙasar. Sashe na 148 na dokar kuma ya ba ta ikon dakatar da ayyukan sadarwa a lokacin gaggawa ko domin tsaron jama'a. Tarihi ya nuna yadda jami'an tsaro ke kallon hanyoyin da ke zagaye irin wannan umarni. A 2013, lokacin da aka katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, sojoji sun haramta wayar Thuraya a Borno. Matashin da aka tare a shingen bincike kusa da daji, aka samu allo mai eriya a jakarsa ba tare da takarda ba, zai sha wuyar bayani, kuma zargin zama infoma a wannan yanki na iya cin rai.

Mabuɗi na ɓoye abin da aka rubuta, amma ba ya ɓoye cewa ana watsi. Mai kayan aiki na iya gano inda sigina ke fitowa. Idan aka ƙwace na'ura ɗaya, mabuɗin tashar ya tafi da ita, sai an canza wa kowa. Kuma abin da ɗan gari zai iya saye, ɗan bindiga ma zai iya. Sai kuma jita-jita: saƙon ƙarya guda ɗaya da dare na iya tayar da gari, ko ya jawo a far wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Waɗannan dalilai na nuna cewa aikin ba na mutum ɗaya ba ne a ɓoye. Idan za a gwada shi, to a fili, da rubutaccen izini, da sanin hakimi da dagatai, da shugaban ƙaramar hukuma, da ofishin 'yan sanda na yanki, da dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023. A san masu riƙe da na'ura, a san wanda ke tantance saƙo, a san wanda ake sanarwa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ke maƙwabtaka da Safana, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina suna da ɗaliban da ke neman aikin kammala karatu kowace shekara. Auna zangon LoRa tsakanin garuruwan Safana da Batsari a rani da damina, ƙarƙashin kulawar malami da izinin hukuma, aiki ne da zai samar da alƙaluman da za a yi shawara a kansu.

Abin da allon ba zai yi ba

Allon gwaji ba zai tura kuɗi ba, ba zai haɗa uwa da ɗanta da ke ci-rani a Legas ba, kuma gargaɗin da ya isa kan lokaci ba shi da amfani idan babu wanda zai kawo ɗauki. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora tsaro da walwalar jama'a a wuyan gwamnati a matsayin babban aikinta. Dokar 2003 ta kafa asusun USPF musamman domin kai sadarwa yankunan da kamfanoni ba su ga riba a cikinsu ba. A Yulin 2022 kuma Kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatar da Twitter da gwamnatin tarayya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, hukuncin da ya nuna cewa toshe hanyar sadarwa abu ne da ake iya ƙalubalanta a gaban shari'a.

Don haka matashin da ya koyi saita wannan allo yana da tambayoyin da zai miƙa wa ɗan majalisarsa tun kafin wata katsewar ta zo. Turaku nawa ke aiki a Safana da Batsari a yau? Me USPF ya kashe a yankin? Idan aka sake rufe layi, wace hanya aka tanadar wa asibiti da makaranta da mai unguwa domin neman agaji? Kuma wane ma'auni aka yi amfani da shi wajen tantance ko rufewar 2021 ta rage hare-hare?